Ruwan Zafi a Magudana

A unguwarsu Mazin, can gefen birnin Zarƙa, ranar Talata kaɗai ake sako ruwa. Yammacin wata Litinin ya tsuguna a tsakar gida, gaban matatar da duk ruwan gidan ke ratsawa kafin ya hau tankin saman rufi, don ya canza mata kyandir, wannan farin abin tacewa da ke cikinta. Ya kamata a ce ya canza tun watanni uku baya. Amma aikin nan shi da matarsa Suhaila suke yi, yana kwancewa tana riƙe masa roba, ga shi yau wata tara ke nan da binne ta.

Ya rufe famfo, ya murɗe kwalbar matatar, ya zaro tsohon kyandir ɗin da ya yi baƙi ƙirin. Cikin kwalbar kuwa yauƙi da wari. Sai ya tafasa ruwa ya wanke ta, ya sheƙa ruwan a magudanar tsakar gida daidai ana kiran magariba, bakinsa shiru. Mutum ne mai tsafta, Allah ya sani, amma bai taɓa lura da abin da Suhaila ke faɗa a hankali kafin ta zubar da ruwa ba.

Wani siririn kuka ya fito daga magudanar, ya yanke.

Tun daga ranar, da rana ta faɗi sai tsakuwa ta fara sauka a kan tanki, ɗaya bayan ɗaya. Rawan, 'yarsa tilo mai shekara goma sha shida, ta daina ci. Takan zauna bakin magudana tana jijjiga hannuwanta kamar mai lallashin jariri. Tsoro ya kama Mazin sosai, don ita kaɗai ta rage masa.

Kwana na bakwai ya ɗauko Shaihi Aɗallah, dattijon da ke yi wa unguwar ruƙiyya. Malamin ya daɗe yana karatu kafin bakin Rawan ya buɗe da muryar wata mata, dusasshiya don kuka.

"Ya ƙone min ɗa. Jiya na binne shi a nan ƙasa. 'Yarsa zan ɗauka."

"Bai san kuna nan ba, baiwar Allah," in ji malamin.

"Matar gidan ta sani! Shekara ashirin ba ta zuba ruwan zafi ba sai ta yi bisimilla, ta ce a kauce da yara. Ku kira min ita. Ita zan tambaya."

Malamin ya dubi Mazin. Mazin ne ya amsa.

"Ta rasu."

Hawaye suka gangaro a fuskar Rawan.

"Na ɗauka fushi take yi da mu," in ji muryar. "Yaushe?"

"Wata tara. Ki ɗauke ni, ni na zuba. Ki bar min yarinyar."

"Me zan yi da kai, Abu Rawan? Kai ma rabinka na ƙasa." Ta ja numfashi. "Kwana uku kada ɗigon ruwa ya bi ta kan ɗana. Ka rufe famfon. Kuma ka yi min gaisuwa, babu wanda ya yi min."

Gobe Talata ce, tankin kuma ya ƙafe. Mazin bai ko yi tunani ba, ya tashi ya murɗe famfon ya rufe, ya dawo ya durƙusa gaban 'yarsa.

"Allah ya ba ki haƙuri. Ki yafe min."

"Kai ma Allah ya ba ka," in ji ta. Jikin Rawan ya saki, ta zube a jikinsa.

Can ta buɗe ido. "Baba, ƙishirwa nake ji."

Mazin ya ɗauki kofi, ya fita yana share fuska, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta.