Jan Layin Magariba

Rana ta riga ta sauka bayan katangar maƙwabta, falon ya fara duhu, amma babu wanda ya tashi ya kunna fitila. Baba yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, hannayensa bisa gwiwa, yana kallon tsakar gida. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana ninke wanki a ƙasa. Babban ɗansa kuwa, wanda kowa ke kira Injiniya tun da ya gama karatun kwamfuta bara, ya duƙufa gaban tsohuwar kwamfutar gidan, hasken allonta kaɗai ke kan fuskarsa.

Kwana tara ke nan kwamfutar tana yin abu ɗaya. Da magariba sai ta daskare, sifika ta yi wani gajeren tari, sannan ta saki. Kowace kwamfuta tana da rajista, inda take rubuta duk abin da ya same ta da lokacin da ya faru, kuma kuskure da ja take rubuta shi. A rajistar wannan akwai jan layi tara, kowace rana ɗaya, duk maganarsu guda: manhajar kunna sauti ta nemi wani fayil, ba ta same shi ba.

"Yaya, har yanzu?" in ji Auta, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Shekara huɗu a jami'a, kwamfutar da ta girme ni tana juya ka?"

"Ke dai yi ninkinki. Yau zan gama da ita."

Babu abin da bai gwada ba. Ya sabunta manhajar. Ya share jerin sautin da ta taɓa kunnawa. Ya duba ayyukan da kwamfuta ke tayarwa da kanta, babu sunan manhajar a ciki. Ya yi binciken ƙwayar cuta har sau biyu, ya cire wayar intanet. Da rana yau haƙurinsa ya ƙare, ya cire manhajar gaba ɗaya, har ɓurɓushinta bai bari ba. Yanzu jira kawai yake ya ga magariba ta wuce lafiya.

Sifika ta yi tari. Jan layi na goma ya fito a idonsa, ɗauke da sunan manhajar da ba ta nan.

Sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Dutse ne. Sun ji shi yana gangarowa a hankali, a hankali, har ya faɗi tsakar gida.

"Yaran unguwa ne," in ji Baba. Amma bai juya ba, kuma babu muryar yaro ko ɗaya a waje.

Washegari da safe Injiniya ya kwafe lokutan a takarda. Shida da arba'in da huɗu. Shida da arba'in da huɗu. Shida da arba'in da uku. Haka suke ta ja baya, minti ɗaya duk bayan kwana biyu. Ya daɗe yana kallonsu. Na'ura agogo take bi, idan aka ce mata ƙarfe kaza, ƙarfe kaza ne har abada. Ya ɗaga kai ya dubi kalandar lokutan salla da ke jikin bango, ya bi layin faɗuwar rana da yatsa. Kowane lokaci ya zo daidai.

Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba. Ya san fayil ɗin da ake nema.

Shekara biyu da rasuwar Mama. Maɗinkiya ce, kuma in tana taka keke takan riƙa rera waƙa a hankali, tana yi tana hira da duk wanda ke kusa. Wata rana Baba ya ɗauki muryarta ba ta sani ba, minti ashirin da shida. Bayan rasuwarta, kullum da faɗuwar rana sai ya kunna, ya zauna, in ta ƙare ya ƙi cin abinci. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai Injiniya ya kwashe fayil ɗin zuwa filash, ya goge na kwamfutar, ya ɓoye filash ɗin cikin akwatin takardunsa. Ya ce wa Baba kwamfutar ce ta lalata shi. Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To." Kwana goma ke nan da goge shi.

A magariba ta gaba duwatsu uku suka faɗo. A wadda ta biyo, suka ji ana taka keken ɗinki a ɗakin Mama, ɗakin da ke kulle, makullinsa a aljihun Baba. Baba ya buɗe. Keken na lulluɓe da mayafinsa, ƙura a kai, amma matakinsa na ƙasa yana ɗan lilo.

Auta ta daina tsokana. Ta daina cin abinci sosai. Da yamma sai ta zauna a ƙasa gaban kwamfutar, ta naɗe ƙafafu irin zaman tsofaffi, ta karkata kai wajen sifika.

Injiniya ya zare wayar kwamfutar daga soket, ya naɗe ta ya ajiye a kan kabad. A ranar, da rana ta faɗi, sifikar da babu wuta a jikinta ta yi tari. Auta ta juyo ta kalle shi. Idonta a buɗe, amma ba ita ke kallo ta ciki ba.

"Ina ka kai ta?"

Muryar tsohuwa ce, busasshiya, mai nauyi. Baba ya miƙe da salati. Kafin ya isa gare ta, ta faɗi, jikinta ya sandare, mutum biyu suka kasa lanƙwasa hannunta. Da ta farfaɗo ba ta san su ba, ba ta kuma karɓi ko ruwa ba. Kwana biyu tana haka, leɓɓanta suka bushe suka tsage. Likitan da ya zo ya auna ta, ya ce bai ga ciwo ba, amma in ta ƙara kwana ba ruwa sai an kwantar da ita.

Baba ya aika aka kira wani Malam mai ruƙiyya, ya iso da la'asar sakaliya. Dattijo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare a gefe guda. Bai yi gaggawa ba. Ya saurari Baba, ya saurari Injiniya, sannan ya karɓi takardar lokutan ya kai ta kusa da ido.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Malam."

"Ka yi aiki. To me na'urar take cewa ta rasa?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Wani fayil ne."

Malam ya kalle shi ta saman tabarau, bai ƙara tambaya ba. Ya sa aka zaunar da Auta a tsakiyar falo, ya zauna gabanta, ya fara karatu da murya ƙasa. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, sannan gaba ɗaya kamar ƙanƙara. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Auta ta toshe kunnuwa, ta yi wani gurnani da bai kamata ya fito daga ƙirjin yarinya ba.

"Ya isa! Ya isa, kana ƙona ni."

Duwatsun suka tsaya.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Na riga su zama a nan. Tun ba a aza tubali ba."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba."

"To me ya kai ki jikinta, baiwar Allah?"

Kan Auta ya karkata. "Shekara ashirin ina zaune a bayan keken nan ina jin matar gidan. Ban taɓa fasa musu ko kofi ba. Ta mutu, na yi shiru. Mijinta ya riƙa sako min ita da yamma, muna ji tare, shi a kujera, ni a ƙasa. Sai aka ɗauke ta. Kullum ina taɓa akwatin nan, yana ce min babu. A maƙogwaron wannan kaɗai ragowar muryar take."

"Na'urar ce ta lalata shi," in ji Baba.

Tsohuwar ta yi dariya da bakin Auta, har leɓen ya tsage ya yi jini. "Tambayi mai karatun. Tambaye shi me ke ƙarƙashin takardunsa."

Baba ya juya a hankali. Injiniya ya durƙusa inda yake.

"Baba, gani na yi kana ƙarewa. Tsoro na ji kada ka bi ta."

Baba ya mayar da idonsa kan Auta.

"Saurara," in ji Malam ga tsohuwar. "Ba za a yanka miki komai ba, ba za a ajiye miki komai a lungu ba. Za ki fita daga yarinyar nan, ki bar gidan nan, ko in ci gaba da karatu har asuba."

"Ba na son jininku. A kunna min ita sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Zan tafi da ita, ba zan dawo ba."

"Ki tafi da ita yaya?"

"Abin da na ji na ɗauka. Ba za ku sake samunta a ciki ba."

"Zan kwafa," Injiniya ya faɗa da sauri. "Minti ɗaya ne, in kwafa a waya, in tura wani wuri..."

"Kwafa dubu, ɗan nan. Duk inda take, tawa ce."

Malam ya juya wajen Baba. "Maigida, zan iya fitar da ita da ƙarfi, da iznin Allah. Amma tsohuwa ce, za ta yi gardama, kuma jikin yarinyar nan kwana biyu ba ruwa. Muryar matarka ce, kai ke da ita. Ni ba zan zaɓa maka ba."

Baba ya dubi Auta, ya dubi jinin da ke haɓarta. Bai daɗe ba.

"Ɗauko," ya ce wa ɗansa.

Injiniya ya mayar da wayar cikin soket, ya sake saka manhajar da ya cire, ya cusa filash. Sai ƙarar keke ta cika falon, taka, taka, taka, ga muryar Mama a kai, tana rerawa, tana tsayawa ta ciji zare. Can ta ce, "Auta, miƙo min almakashi, kin zauna a kai." Can kuma ta yi dariya ta ce, "Kai Baban yara, me kake ɓoyewa a bayanka?" Baba ya rufe ido. Babu wanda ya motsa. Minti ashirin da shida suka wuce kamar biyar, keken ya tsaya, aka ji ta ja kujera.

"Rantse," in ji Malam.

Tsohuwar ta rantse, muryarta ta yi laushi kamar wadda ta ƙoshi. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin Baba. Labulen taga ya ɗaga waje, ya dawo.

Injiniya ya danna fayil ɗin. Sunansa na nan, tsawonsa na nan, minti ashirin da shida. Ya ƙure sifika. Babu keke, babu waƙa, ko shuuu babu. Ya juyo, hawaye na zuba, ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Kashe. Kawo ruwa."

Ya kawo. Baba ya tallafo kanta, ta sha, ta sha, ruwan na gangara wuyanta. Ta buɗe ido, ta dubi baƙon dattijo, ta dubi yayanta a durƙushe, ta dubi fuskar Baba.

"Auta," in ji Baba. "Yi min magana."

"Me zan ce, Baba?"

"Ko mene ne."

Ta lashi leɓenta. "Yunwa nake ji."

Baba ya share fuska da hannun riga. "Ni ma," ya ce. "Injiniya, zubo mana. Da yawa."