Mayafin Muryar Maimunatu

Wayar Nasrullahi ce ta jawo komai. Ya shiga wani shagon cargo a unguwar Al Buteen ta Dubai zai aika wa ƙaninsa lasifika Kano, yana tsaye sai ta yi ƙara: jita mai jan jiki, da muryar mace can nesa kamar daga ƙasan rijiya.

Budurwar da ke bayan kantar shagon ta saki salatif ɗin da ke hannunta.

"Malam, ina ka samo wannan waƙar?"

An sosa wa Nasru inda ke masa ƙaiƙayi. Injiniyan sauti ne a wani situdiyon talla a Dubai Investments Park, kuma in aka taɓo masa waƙar nan sai an haɗa da roƙo yake yin shiru. Ya ce sunanta "Jirgin Yamma", ta wasu samarin Gusau da ake kira 'Yan Tafki, kaset ɗaya suka yi a shekarun tamanin suka ɓace. Wani ya ɗora ta a intanet, ga shi yanzu matasa a ƙasashen Turawa suna kwaikwayonta, suna kiran salon dream pop. Ba wanda ya san mai muryar, in ji shi, kuma lulluɓe ta da amsa-kuwwa da aka yi hikima ce ta ƙwararru.

"Ba hikima ba ce," ta ce a hankali. "Kunya ce. Mamana ce."

Sai da ya isa tashar jirgin metro ya tuna bai ba da adireshin ƙanin nasa ba. Bai taɓa jin daɗin mantuwa irin ta ranar ba, don ita ta mai da shi shagon.

Sunanta Ramlat, 'yar mai shagon, Alhaji Mijinyawa. A bakin ruwa, suna kallon kwale-kwale, ta ba shi labarin. Mahaifinta ne mai jitar. Mahaifiyarta Maimunatu 'yar liman ce, da an gane muryarta da an fasa ba shi aurenta. Shi ya sa ya kai su wani tsohon siton auduga, ya tsai da ita a ƙurya, ya ajiye makirufo a bakin ƙofa, don kafin muryar ta iso ta zama ta ba kowa ba. Da suka yi aure ya jingine jitar har yau.

"Ina firamare ta rasu. Wallahi Nasru, na manta yadda take magana. Ko a waƙar ma, kamar tana wani ɗaki ne ni ina wani."

Wannan magana ta tsaya masa a rai. Ya yi makonni yana tsefe waƙar a kwamfuta, yana ɗebe amsa-kuwwar kaɗan-kaɗan. Da ya gama ya tura mata:

"Ramlatuna, sa abin kunne ki zauna. Na shigo miki da Mama ɗakinki."

Bayan ta saurara ta rubuto:

"Habibi, na ji har numfashinta. Na yi kuka, amma na daɗi ne. Ban san da me zan biya ka ba."

"Da kanki kawai, khalas, shi ke nan."

To, bango da kunne. Zailani, mai kula da kwantenonin shagon, wanda ya daɗe yana yi wa Ramlat kallon tasa, ya ji tana saurare. Ya kai wa Alhaji cewa yaron situdiyo ya tone muryar marigayiya Hajiya, zai baza ta a intanet. Da yamma saƙo ya shigo wa Nasru:

"Abba ya ce kada ka ƙara zuwa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ina sonka, amma ba zan tsallake maganarsa ba."

Nasru ya ji tsoro sosai, don ya san ba wasa take ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ya je gidansu a Al Qusais, ya durƙusa a kan kafet.

"Shekara talatin ina rufa mata asiri," in ji Alhaji. "Masu jarida sun neme ni, na ce ban san zancen ba. Mayafi na saka mata da hannuna, kai kuma ka zo ka yaye. Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Baba. Ramlat ta ba ni labarin, na ji, amma ban gane nauyinsa ba. Ita kaɗai na yi wa. Na goge na wajena, ita ma ta goge nata." Ya ajiye ɗan filas na kwamfuta a gabansa. "Wannan ne ya rage a duniya. In ka so ka jefa shi ruwa."

Alhaji ya ɗauki filas ɗin, ya tashi ya shige ciki.

Filas ɗin ya daɗe a aljihun jallabiyarsa. Wata safiya, kafin Zailani ya zo buɗe shago, Alhaji ya soka shi a kwamfutar shagon. Kafin jita ta fara akwai wani ɗan motsi da kowa ya ɗauka ƙugin tsohon kaset ne. Ashe dariya ce. Maimunatu ce, yarinya ɗanya, tana cewa, "Kai, ka tabbata Malam ba zai gane ni ba?"

Ramlat ta shigo ta tarar da mahaifinta ya kifa kai a kan kantar shagon. Ta juya za ta ba shi wuri, ya ce, "Kira min yaron nan."

Nasru ya zo a guje, ko katin aikinsa bai cire daga wuya ba.

"Ta intanet ta zauna da mayafinta, haka duniya za ta ci gaba da jin ta," in ji Alhaji. "Wannan kuwa ta 'yan gida ce, bare ba ya ji." Ya dube shi sama da ƙasa. "Kai kuma ka riga ka ji. Ban ga wata dabara ba, sai dai mu mai da kai ɗan gida. Yalla, maza ka turo manyanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren a Gusau, ba nisa da siton audugar. Alhaji ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku zama masu rufa wa juna asiri."

Har yau in wayar Nasru ta yi ƙara a cikin mutane aka tambaye shi wace ce mai muryar nan, shi da sai an roƙe shi yake yin shiru, kafaɗa kawai yake ɗagawa.

"Wa ya sani?"