Hawayen Kurangar Ummu Ziyad

A kan tsani Lujain ta fara ganinsa, a tsakar gidansu da ke garin Ajlun, washegarin da dusar ƙanƙara ta karya rumfar inabi. Muhannad ne, mai gyaran lambunan unguwa. Ta kawo masa shayi, ya juyo zai karɓa, saura ƙiris ya faɗo.

"A hankali, malam! Mahaifiyata ce ta dasa kurangar inabin nan kafin ta rasu. In ka faɗo kanta, ba kai za mu yi wa kuka ba."

Ya yi dariya. Kafin a gama kafa sabuwar rumfa magana ta yi nisa, har ta raɗa masa suna "mai almakashi".

Almakashin nan kuwa shi ya ja musu. Sanyi ya ƙone rassan, Muhannad ya datse su har kusa da gindi. Mahaifinta, Abu Ziyad, ya dawo daga masallaci ya tarar da kututture tsirara.

"Gyara na ce ko yanka? In kurangar nan ta mutu, kada in ƙara ganin ƙafarka a layin nan. Kuma na san abin da ke kawo ka!"

Basil, ɗan baffanta mai sayar da tayil, dama ya daɗe da ɗora ido a kanta. Ya bari aka kwana biyu, sannan ya zo da daɗin bakinsa.

"Baffa, wannan ai itacen wuta ne. Ranar Juma'a zan kawo zarto, mu shimfiɗa tayil, mota ta samu wuri."

Abu Ziyad bai ce a'a ba, kuma shirun nan ya fi faɗan tsorata Lujain. Kullum da safe sai ta gyara buhunan da ta naɗe gindin da su. Ta ɗauki waya:

"Mai almakashina, gaya mini gaskiya. Tana da rai?"

"Hasken idona, wallahi ban sani ba. Ina tsoron na wuce gona da iri. Abinci ma ya gagare ni."

"To ka turo manya ranar Alhamis. In aka sare ta, ni ma an sare ni."

Ranar Alhamis baffannin Muhannad suka zo. Da gangan Abu Ziyad ya jera musu kujeru ƙarƙashin rumfar, cikin sanyi, su ga ɓarnar ɗansu da idonsu. Aka zuba gahawa. Babban baffan ya ajiye finjalinsa bai kurɓa ba.

"Abu Ziyad, mun zo nema wa ɗanmu auren Lujain, kuma ba za mu sha ba sai mun ji amsarka."

Gahawa ta huce. Muhannad ya sunkuyar da kai, gumi na keto masa a cikin wannan hunturu. Lujain na bayan tagar kicin tana leƙe.

Abu Ziyad ya buɗe baki zai yi magana, sai wani ɗigo ya sauka a bayan hannunsa. Ya dubi sama, babu hadari ko kaɗan. Wani ya sake ɗigowa, daga bakin reshen da aka datse.

Ya daɗe yana kallon ruwan. Shekara nawa yana ganin matarsa, Ummu Ziyad, tana taran irinsa da yatsa, duk lokacin da kuranga ta farka daga sanyi.

"Ummu Ziyad ta riga ni amsawa," ya ce. "Ku sha gahawarku."

Lujain ta zube a ƙasan kicin tana kuka tana dariya.

Da zafi ya shigo aka ɗaura aure ƙarƙashin rumfar, ganye ya rufe ta ruf. Basil ne ya ɗauko kujeru, fuska a murtuke. Abu Ziyad ya tsinko nonon inabin farko, ya raba wa ango da amarya.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya abin da za ku dasa. Amma kai, ɗana, baɗi ni zan riƙe almakashin."