Dutsen Tokare Ƙofa

Da magariba abin ya fara, Mai Katafila ya dawo daga ramin tama yana wanke jar ƙasa daga wuyansa. Wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki, ƙwal! Matarsa ta leƙa waje tana yi wa yaran maƙwabta masifa, amma ba kowa a layin. Shi kuwa ya tsinci dutsen da ya faɗo, ya juya shi a tafinsa. Shekara tara yana haƙar tama, dutsen da ake narkawa a sami ƙarfe, ko ido rufe ya san nauyinta. Tama ce, kuma da ɗumi, kamar yanzu ta bar hannun mutum.

Kwana shida ana jifan nan. A na bakwai Auta, 'yarsu mai surutu kamar rediyo, ta yi tsit. Ta tsuguna a bakin ƙofa, ta rungume jan dutsen da uban ya taɓa ɗaukowa daga saman tsauni don tokare ƙofar. Ba ci, ba sha, sai an ɗura mata. A asibiti aka ce lafiyarta ƙalau. Ƙalau fa! Mutumin da ke kwashe tsauni da inji ya kasa ɓamɓare yatsun 'yarsa daga dutse guda, ya koma bayan ɗaki ya yi kuka.

Surukinsa ya kawo wani tsohon malami. Malamin ya zauna ya yi ta karatu har duhu ya soma shiga, sannan murya ta fito daga bakin Auta, muryar tsohuwa, a gajiye, ba ko faɗa a cikinta.

Ta ce saman tsaunin nan gidanta ne. Ta yi tafiya, ta dawo ta tarar ana loda shi a jirgin ƙasa. Ta bi shi har masana'anta, tana kallo aka zuba shi a tanda, ya fito ja yana malala, aka miƙe shi rodi-rodi aka raba wa masu gini.

"Wannan kaɗai ya rage mini," in ji ta. "Shi ma kun tokare ƙofa da shi."

Malam ya ce za a mayar mata inda aka ɗauko. Mai Katafila ya sunkuyar da kai, don wurin rami ne yanzu, shi da kansa ya cinye shi. Aka yi ta ja-in-ja, har ta yarda a kai dutsen wani tsaunin da inji bai taɓa ba.

"Muddin yana zaune a can, 'yarka taka ce. Ranar da ya motsa, ko wa ya motsa shi, na riga na ga inda zan zauna."

Rabin yini ya yi a kan babur kafin ya sami tsaunin da ya kwanta masa, ya ajiye dutsen a can. Ya dawo ya iske Auta tana neman ruwa, bakin nan ya buɗe.

Bayan wata huɗu aka kunna tanda ta biyu a masana'antar, ga rodi ana wawaso, kowa sai murna. Wata safiya shugaban aiki ya tara direbobi, ya shimfiɗa taswira, ya ɗora yatsa a kan sabon wuri. Mai Katafila ya gane shi: tsaunin da ya kai dutsen ne. Ya roƙa, ya ce zai ajiye aikin ma. Shugaban ya ce mutum goma na bakin ƙofa suna jiran kujerarsa, da shi ko ba shi ranar Litinin za a fara.

Da magariba ya shigo gida. Auta ta taro shi da labarin makaranta, uwar ta ce ta bar mutum ya huta mana.

Ya zauna a ƙasa da jar ƙasarsa, ya riƙe hannunta.

"Ƙyale ta," ya ce. "Ci gaba, Auta. Faɗa mini duka."