Duwatsun da Imtiyaz Ya Gasa

Ranar Lahadi ce, rana ta yi ja a bayan itatuwan kwakwa. A gidan Imtiyaz direban tifa an buɗe lovo, ramin da ake gasa abinci kan duwatsu masu zafi, an baje kaza da gwaza a ganyen ayaba. Uwarsa, wadda kowa ke kira Dadi, tana cikin rabo sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi.

Na biyu ya mirgino har bakin tabarma. Dadi ta kai hannu, ta janye. Zafi gare shi kamar yanzu aka zaro shi daga wuta.

"Yaran sababbin gidajen nan ne," in ji Imtiyaz.

"Ɗan wa ke jifa da garwashi?" in ji Dadi. "Ci abincinka."

Bayan gidan akwai tsohon ramin fasa dutse. Shekara arba'in ana cinsa, sannan aka yar da shi, baƙin ruwa ya kwanta a gindinsa. Yanzu gidaje sun matso, kamfani na cike shi da ƙasa don a yanka fulotai. Imtiyaz na cikin masu juyewa, har an yi masa alkawarin fulotin da ke daidai kan ruwan.

Kwana uku ana jifa, kullum da magariba. A na huɗu suka iske 'yarsa Nazrana, mai shekara sha shida, tsugune cikin tokar lovo, tana tattara duwatsu a cinyarta. Aka kira sunanta. Ko juyowa ba ta yi ba.

Washegari Dadi ta hau bas zuwa garin Nausori, ta taho da Maulbi Sahadat, wani tsohon malami mai tari. Ya zauna a ƙasa ya yi ta karatu, tsuntsaye suka yi tsit. Can yarinyar ta buɗe baki, murya ta fito kamar ana jan tsakuwa da shebur.

"Ina mai tifa?"

"Da ni za ka yi magana," in ji Maulbi. "Me ta yi maka?"

"Ita ba komai. Kun fasa mana gida, muka koma cikin ruwa. Kuna binne mu, muka yi shiru. 'Yan asalin ƙasar nan, da kakanninku suka tarar, ko tsinke za su ɗauka, sai sun kawo saiwar yangona da suke jiƙawa su sha, sun tafa hannu, sun nemi izini. Shi wannan ya sauko da buhu, ya kwashe duwatsu bakwai na ƙofata, ya gasa kaza."

Dadi ta dubi ɗanta. "A banza ka samu, ko? Jaki."

"Ba ma tafa wa aljani hannu," Maulbi ya ce. "Amma abin da aka ɗauka za a mayar. Ka fita."

"A bar mini ruwan," in ji muryar.

"Fulotina ke nan," Imtiyaz ya faɗa a hankali. "Shekara tara ina..."

Yarinyar ta ɗaga dutse, ta saita goshinta.

Imtiyaz ya zabura. "Na bari. Na bari, na ce."

Suka gangara ramin da sauran haske, Imtiyaz na ɗauke da buhun duwatsun a kai. Ya jera duwatsun a bakin ruwa. Shida. Na bakwai ya fashe a wuta tun ranar Lahadi, don dutsen da ya sha ruwa ba ya jure zafi, kowace tsohuwa ta san haka.

"Da saura ɗaya," in ji muryar. "Ni ma zan riƙe ɗaya a madadinsa."

Nazrana ta zube, ta farka tana kiran Abba.

Imtiyaz ya karɓi fulotin, ya kewaye shi da waya, bai zuba ko shebur ɗaya ba. Gidaje sun zagaye shi yanzu, maƙwabta na zaginsa saboda sauro, har yau a gidan haya yake. Nazrana ta yi aure, 'ya'yanta biyu. Amma in za ka yi mata magana, ka tsaya ta dama. Kunnen hagu ba ya jin mutane. Ta ce ɗigar ruwa kawai take ji a ciki.