Ƙundun Dinya

Shekara guda da samun 'yancin kai, bayan an gama ɗaurin hatsi, wani manzo ya iso buron 'yan sanda na Maraɗi. Ya ce a Gidan Jaye, wani ƙauye kusa da Agiye, mace ta kashe mijinta da guba.

Sufeto Bakari ya ɗauki jandarma guda, Issa, suka shiga mota. Da suka isa, sun tarar an riga an rufe mamacin, Iro. Matarsa Halima kuwa tana ƙofar gidan maigari, an ɗaure ta jikin turke, rana na dukanta. Maza na zaune a inuwa suna kallo, ba wanda ya ji kunya.

"Wa ya ɗaure ta?" in ji Sufeto.

Wani kakkauran mutum ya miƙe. "Ni ne, ranka ya daɗe. Gajere sunana, yayan mamacin. Tukunya guda ta dafa, kowa ya ci. Ita da ɗiyanta ciwon ciki kawai suka yi, ƙanena shi kaɗai ya mutu. Mi kuma za a tambaya? Ku tahi da ita gidan kaso, ɗiyan su dawo hannuna."

"Kai ne alƙali a garin nan? Issa, kwance ta."

Aka kai Halima zaure, aka ba ta ruwa. Sufeto ya zauna ƙasa gabanta.

"Baiwar Allah, me kika dafa?"

"Tuwo da miyar nama."

"Naman me?"

Ta dubi ƙofa. Gajere na tsaye can. "Agwagwarmu ce ta gida."

"Wa ya yanka?"

Ta sake duban ƙofar.

Sufeto ya nufi gidan marigayin. Bai ga agwagwa ko ɗaya ba, bai ga kaskon ruwanta ba, bai ga kashinta ba. Ya zaga bayan darni inda ake zubar da shara. Gashin tsuntsu ne baƙi da fari, da guntun fiffike mai tsini kamar ƙaya a gaɓarsa.

"Wannan dinya ce," in ji Issa. "Tsuntsun tabki. Ba a kiwonta a nan."

Kusa da wurin ga hankaka biyu da shirwa ɗaya a mace, ƙafafu sama. Sufeto ya tona sharar da sanda. Hanjin dinyar ne suka ci, kuma a cikin abin da aka zubar daga cikinta akwai gero, jajawur.

"Ka taɓa ganin gero ja haka?"

"Sai dai irin gyaɗa na shuka, ranka ya daɗe, in an cuɗa shi da jan maganin ƙwarin nan da malaman gona ke rabawa."

Sufeto ya sa maigari Jaye ya raka su tabkin da ke yamma da gari. Tsoho ne, yana tafe yana dogara sanda yana mita.

"A da, warhaka ba ka jin maganar na kusa da kai don kukan kirinjijiya. Gauraka na zuwa tun daga Gulbin Kaba su yi rawa a nan. Ga zalɓe, ga belbela, ga hasbiya da kurciya da fakara. Har waɗansu ƙanana masu dogon baki da ke zuwa daga arewa, mu ma ba mu san sunansu ba. Bana duk sun gudu. Malamai sun ce iskokin tabkin suka yi hushi."

Ba gudu suka yi ba. Suna nan cikin ciyawa, suna wari. Kurciyoyi zube kamar an kakkaɓe itace. Gauraka biyu kwance wuri guda, wuyansu a miƙe. Can gaba ungulaye ne, su da suka zo share mushe suka zama mushe. A bakin ruwan kuwa an warwatsa jan gero layi-layi, kamar mai shuka.

Sufeto ya juyo kan maigari.

"Iskoki ne ke cuɗa gero da magani, maigari? Shanunku nan suke sha. Matanku nan suke wanki. Gari guda, ba wanda ya sunkuya ya dubi ƙasa, amma kun iya ɗaure mace!"

Maigari ya sunkuyar da kai. "Manyan da ake ci ba su cikin matattun," ya ce a hankali. "Ban ga dinya ba, ban ga zabo ba."

"An kwashe su ne. Wa ke kai naman tsuntsu kasuwa?"

"Gajere kan kai bandar tsuntsu kasuwar Cadawa. Har Gazawa yana zuwa. Ya ce tarko yake kafawa."

Suka koma zaure. Wannan karon Sufeto ya sa Issa ya kori kowa daga ƙofar.

"Halima, na ga gashin dinya. Ƙarya kika yi mini. In kika sake wata, ba ni da yadda zan hana a kai ki kaso."

Ta fashe da kuka. "Yaya ne ya ba shi. Maigidana, baban su Nana, ya je gaishe shi, ya ga tsuntsaye, ya ɗauko guda da gashinta, an riga an yanka. Da abin ya hwaru, Yaya ya ce in na ambaci dinya, ba ni ƙara ganin ɗiyana."

"Da kika fige, kin ga jini a wuyan?"

"Kaɗan. Baƙi-baƙi."

"Me mijinki ya ci wanda ku ba ku ci ba?"

Ta ɗago kai, ta dube shi kamar ya tambayi abin da yaro ma ya sani. "Ƙundu da hanta mana. Na maigida ne. Wace mace za ta ci ƙundu mijinta na gida? Na tsame mishi daban, na sa mishi bisa tuwo."

Abin da ya kashe Iro ke nan. Matar kirki ta ba mijinta haƙƙinsa, kuma nan gubar ta fi taruwa.

A gidan Gajere an tarar da banda kan wuta a bayan rumbu, da sabbin dinya uku da ba a fige ba, an lulluɓe su da zana. Jama'a suka taru.

"Ina tarkon?" in ji Sufeto.

"Yana daji."

"Wace ƙafar ya kama? Nuna mini." Ya juya tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya. Ba sawun igiya, ba na kibiya. "Maganin gyaɗar da aka ba ka bana fa?"

"Na sa wa iri."

"Issa, nuna masa."

Issa ya ɗaga wata ƙwarya da ya ciro daga ƙarƙashin rumbu. Cikinta ya rine ja, ƙwayoyin gero manne a gefe.

"Ta ɗiyana ce, wasa suke yi da jar ƙasa."

"To madalla." Sufeto ya zaro wuƙa, ya farke dinya guda, ya ciro ƙundu da hanta, ya ɗora kan garwashi. Ya jira har suka gasu. Ya soke su da tsinke ya miƙa. "Kai ne maigida a nan. Bismilla."

Gajere ya ja da baya.

"Ci mana! Ba naman tarko ba ne?"

Ya durƙushe. "Ni ban yi nuhin kashe kowa ba. Kullum ina zubar da kayan cikin kahin in kai kasuwa. Shi ya ɗauka da gashinta. In na hana shi, sai ya tambayi dalili."

"Sai ka bar shi ya tafi da ita."

"Na zaci ciwon ciki kawai za ya yi."

"Mushe kake tsinta ka yanka, ka ciyar da Musulmin kasuwa biyu. Ka shafe tsuntsayen tabki da geronka mai guba, har waɗanda ba a ci. Ka kashe ɗan uwarka don kada ya yi maka tambaya guda. Sannan ka nemi matarsa ta tafi kaso a madadinka, ka gaje 'ya'yanta. Issa, sa masa ankwa."

Sufeto ya umarci maigari a share geron nan tas a ƙone, a binne mushen, a hana dabbobi tabkin, a kuma yi shela a Cadawa da Gazawa kada kowa ya ci bandar da ya saya wurin Gajere.

Ana tura Gajere mota sai ga Halima ta fito, ƙaramar 'yarta goye, babbar riƙe da zanenta. Mutane suka dare. Ta tsaya gabansa, ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Yaya, yana ci yana sa maka albarka," ta ce. "Ya ce kai kaɗai ke tunawa da shi."

Gajere ya rufe fuska da hannuwansa masu ankwa. Issa ya danna kansa cikin mota, ya rufe ƙofa.