Kwalba Mai Hoton Lemun Tsami

Akwai wata yarinya da 'yan gidansu ke kira Na-Sani. Ko me aka fara gaya mata, kafin a rufe baki ta ce, "Ai na sani."

Satinsu biyu ke nan a wata ƙasa, inda Babanta ya sami aikin koyarwa. Duk gidan shi kaɗai ke jin yaren garin. Ga shi mura ta kama shi, murya ta dushe, kuma gobe zai fara shiga aji.

Mama ta ce, "Lemun tsami da zuma zan haɗa masa. Je ki kantin ƙasan bene ki sayo lemun. Tsaya Babanki ya rubuta miki sunansa da yarensu."

"Ba sai an rubuta ba, Mama. Ina da ido."

A kantin ba ta ga lemo ba. Amma a can ƙarshen layi ta hango wata kwalba ruwan ɗorawa, da hoton lemun tsami ƙato a jikinta.

"Har ma an matse mana," in ji ta.

Mai kantin, wata tsohuwa mai tabarau, ta ɗaga kwalbar. Ta yi magana, tana murza hannu kamar mai goge faranti. Na-Sani ba ta gane komai ba, amma ta gyaɗa kai da ƙarfi. Ta biya, ta fito tana taƙama.

A gida ita da kanta ta tsiyaya a ruwan zafi. Baba ya miƙo hannu. Mama ta ce, "Bari in juya zumar tukuna."

Tana juya cokali, kumfa ta taso har ta zubo kan tebur. Baba ya karanta jikin kwalbar, ya ce da ƙyar, "Sabulun wanke-wanke ne."

Saura kaɗan Na-Sani ta shayar da Babanta sabulu. Ta fashe da kuka.

Mama ta ce, "Kuka ba zai buɗe masa murya ba. Matar ba ta ce miki komai ba?"

"Ta ce. Ban gane ba, na yi kamar na gane."

Baba ya rubuta mata sunan lemun a takarda, ta karɓa, ta koma kantin. Ta miƙa wa tsohuwar, ta nuna maƙogwaro, ta yi tari. Tsohuwar ta yi dariya, ta ja hannunta zuwa wani kwando a bayan ƙofa. Ga lemun tsami nan tuli. Ta faɗi sunansa sau uku, Na-Sani tana maimaitawa.

Washegari muryar Baba ta buɗe. Yana ɗaura takalmi ya ce, "Na-Sani, kin san hanyar makarantarku?"

"Ban sani ba, Baba. Nuna mini."

Mama ta yi murmushi ta ce, "Yanzu kika fara sani. Mai tambaya ba ya ɓata."